Haƙoran Taya

Ranar Lahadi da hantsi aka jawo kan tirelar Mamane zuwa harabar kamfani, a can ƙarshen Birnin Masana'antu na Biyu, a ƙasar Larabawa. Gaban motar ya lotse kamar gwangwanin da aka taka. Jiya Asabar tayar gaba ta dama ta fashe masa a hanyar Kharj yana ɗauke da siminti, motar ta kwanta a gefen titi. Shi kuwa yana asibiti a Shumaisi, bai san wanda ke kansa ba.

Direbobi da lebura suka zagaye motar, kowa na salati. Mudir, shugaban harabar, ya tsuguna gaban ragowar tayar, ya goge gefenta da hankici, ya ƙura ido. Sai ya miƙe fuskarsa ta yi ja, ya fara zuba Larabci kamar an kunna famfo. Ko wanda ya zo ƙasar jiya ya gane abin da yake cewa: wannan ba tayar kamfani ba ce. Wani ya cire ta kamfani, ya maƙala tsohuwa wadda ta haura shekara goma.

Kafin ya rufe baki, idanu sun koma kan Munzali.

Munzali ne mai banshar, wato mai gyaran tayoyin harabar, kuma shi kaɗai ne ɗan Najeriya a cikin 'yan Maraɗi da Damagaram. Ɗan Najeriya a takarda ke nan, don a Jidda aka haife shi, Kanon da ake jingina shi da ita a waya kawai yake ganinta. Hausarsa ma tana ɗingishi, abin da ake tsokanarsa da shi lokacin da ake shiri. Yau ba a shiri. Mudir ya karɓe iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, ya sa aka zaunar da shi a ɗakin mai gadi, ya ce zai je wajen masu inshora, in ya dawo bayan la'asar zai kira 'yan sanda. Kowa ya san ƙarshen wannan hanya: ɗauri, sannan tarhil, a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba, a bar tsohuwarsa ita kaɗai a ɗakin haya.

Dabo yana tsaye a baya yana kallo. Motar ɗaga kaya yake tuƙawa a harabar, amma a Tanut ya tashi, inda ya yi ƙuruciyarsa yana bin mahaifinsa a sawun raƙuman sata. Mutum ne mai ƙarancin magana har abin ya kan ba da haushi, kuma in yana tafiya idonsa na ƙasa kamar ya yar da allura. Da jama'a suka watse, ya matsa ya duba tayar, ya zura yatsa cikin zanenta. Abin da ya gani ya ɗaure masa kai.

*

Ya sami Munzali zaune a kan benci, ya haɗa kai da gwiwa.

"Malam Dabo, wallahil azim ban taɓa motar nan ba tun wancan watan."

"Ban tambaye ka ba tukuna," in ji Dabo. "Ni wani abu nike so ka gaya mini. Na duba tayar. Haƙoranta cike suke, har ɗan gashin nan na sabuwar taya bai kakkaɓe ba. Ta ƙaƙa ta zama tsohuwa?"

Munzali ya ɗago. Ko a cikin tashin hankali, sana'a sana'a ce.

"Ba a haƙora ake ganin shekarun taya ba. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Roba tana mutuwa ko ba ta taka ƙasa ba, rana ce ke dafa ta daga ciki. Shi ya sa kamfani ya hana a sa wadda ta wuce shekara biyar a gaba. Ka ɗora wa irin wannan siminti, a zafin nan, ai bam ka ɗaura wa mutum."

"Wadda aka cire fa?"

"Shekararta biyu. Haƙoran sun ci rabi, amma lafiyarta ƙalau."

"Ina kake ranar Juma'a, jajibirin hatsarin?"

"Wajen ummi. Tun safe na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari." Ya yi murmushin takaici. "Amma shaidar uwa wa zai karɓa? Kayan aikina kuma a rumfa suke, ba ƙofa ba kwaɗo. Malam Dabo, in suka kai ni Najeriya wa na sani? Ko sunan unguwarmu ban iya faɗa daidai ba."

Muryarsa ta karye a nan. Tausayi ya kama Dabo, ya kawar da kai don kada yaron ya ji kunya.

*

A ƙarƙashin rumfar shayi, inda 'yan Nijar ke hutun rana, an riga an yanke hukunci. Wasu na cewa dama mai banshar duk halinsu ɗaya, wasu na cewa ai ɗan Jidda ido ne da shi. Baba Jibirilla ne kawai bai sa baki ba. Shi ne dattijon harabar, direban bas ɗin ma'aikata, kuma kawun Mamane, ƙanen mahaifiyarsa. Shi ya kawo yaron ƙasar nan, kamar yadda ya tarbi rabin mutanen da ke zaune a wurin, har da Dabo. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba.

"Baba, ƙaƙa mai jiki?" Dabo ya tambaya yana durƙusawa.

"Yana nan yadda yake. Likita ya ce a yi ta addu'a." Tsohon bai ɗago ido ba. "Na ji an ce kana yawon tambaya. Dabo, ka bar wa Allah. Abin da ya faru ya faru."

"Haka ne, Baba. Sai dai yaron can, in aka bar shi, yau zai kwana hannun hukuma."

Jibirilla ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. Dabo ya ɗauka baƙin ciki ne, ya tashi.

*

Gogo mai abinci tana bakin ƙofa da kulolinta a bayan wata tsohuwar mota. Ba abin da ke shiga harabar ko ya fita bai bi ta gaban idonta ba, kuma ba ta taɓa yi wa kowa rowar labari ba.

"Kai dai ka ci dambu tukuna, kana tambaya da yunwa," ta ce, tana zuba masa ba tare da ya nema ba. "Juma'a? Na zo da safe, na tashi kafin salla. Amma na ga abu. Abdou direba na gani yana gangara taya, zufa sharkaf, yana waige-waige."

"Kin tabbata shi ne?"

"Wannan ƙeyar tasa ko a cikin hajji na gane ta. Kuma ka manta ranar Laraba? Saura kaɗan su dambace da Mamane a kan wa za a ba hanyar Dammam. Har cewa ya yi, za ka gani. A kunnena."

Dabo ya ajiye cokali. Dambun ya daina shiga.

*

Abdou yana ƙarƙashin motarsa yana duba birki. Da ya ji tambayar, ya fito da sauri har ya buga kai.

"Ni? Ni za a ɗora wa? Eh, na ce za ka gani! Yau ne aka fara faɗin haka? Da Mamane muka yi makaranta a Tasawa, kai!"

"Tayar da ka gangara fa?"

"Wata suɗaɗɗiya ce daga juji, na kai rumfa mu samu wurin zama. Waige-waigen kuwa, mudir nike gudu, ya hana a taɓa juji. Je ka gani, a kanta ka bar su zaune. Ni da na kwashi mutane zuwa masallaci, yaushe na samu sukunin kwance ƙafar kamyo, babbar mota irin wannan?"

"Kai ka ja bas?"

"Baba ya ce bayansa ya riƙe, zai lallaɓa masallacin kusa. Ya ba ni makulli."

Dabo ya koma ta bayan juji ya duba. Sawun yana nan a gefen katanga inda mota ba ta bi: shafaffe, sumul, ba ko zane ɗaya, ga takun Abdou a gefensa da ƙafarsa mai buɗewa waje. Daga juji zuwa rumfa ya nufa, bai ratse ko'ina ba. Gogo ta ga gaskiya, fassarar ce ta zame mata. An kira azahar, Dabo ya yi salla zuciyarsa na wani wuri.

*

Tsakiyar harabar ba ta da amfani ga mai bin sawu, manyan motoci sun tattake komai. Don haka ya daina neman inda tayar Mamane ta tafi, ya koma tambayar kansa daga ina tsohuwar ta fito. Taya mai shekara goma da 'yan kai wadda ba ta taɓa taka titi ba, a kan ƙarfenta, ai ba a juji ake tsintar ta ba. A wani wuri ta yi ta zama ana mantawa da ita.

Nan take ya tuna da karafan.

A bayan babban sito, inda ba mai zuwa sai kyanwoyi, akwai wata ƙatuwar motar gida ta mai kamfani, mai gadaje da kicin a ciki, tayoyinta girman na tirela. Da can da ita iyalinsa ke fita sahara lokacin sanyi, daga baya yara suka girma, aka jingine ta. Rairayin da iska ta tara a wurin laushi gare shi kamar gari. Dabo ya tsaya daga nesa ya karanta shi, rana na dukan ƙeyarsa.

Sawun taya biyu ne. Ɗaya mai zurfin zane ya fita, ɗaya mai rabin zane ya shigo ya hau kansa. Takalmin roba ne a gefe, irin wanda duk harabar ke sawa, ba zai nuna kowa ba. Amma mai shi ya tsaya hutawa sau da yawa, yana jingina tayar da ƙafarsa. Ba saurayi ba ne.

A bayan karafan ɗin akwai safaya lulluɓe da tamfol. Dabo ya ɗaga gefe ya leƙa. Ga tayar Mamane, da tambarin kamfani a jikinta, lafiya lau. Ba a sayar ba, ba a ma fitar da ita daga harabar ba. Wane irin ɓarawo ne zai sha wannan wahala a tsakar rana ya tafi hannu wofi?

Ya kai hannu zai kwance igiyar tamfol ɗin, sai hannun ya tsaya. Ya san ƙullin. Direbobi ba sa yin irinsa, su bel suke ja da ƙarfe. Wannan ƙullin dillalan dabbobi ne, wanda ake yi wa rago a turke: duk fizgar da dabba za ta yi ba zai sake ba, amma mutum ya ja bakin igiya sau ɗaya ya warware. Kuma dillalin dabbobi, in zai san shekarun abu, baki yake buɗewa ya duba haƙora.

Ya so a ce bai zo wurin ba. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar ta sama da ta ƙasa, ya bar ƙullin yadda yake, ya sa a aljihu.

*

Ana idar da la'asar ya roƙi mai gadi ya kawo Munzali rumfar shayi, ya aika aka kira Gogo da Abdou. Mutane suka taru, har waɗanda ba a kira ba. Dabo ya gangaro tayar da kansa ya kwantar da ita a tsakiya.

"Ga tayar Mamane," ya ce. "Tana bayan karafan, a mazaunin safaya. Safayar ce aka sa masa."

Wurin ya kaure. Wani ya ce to ai ɓoyewa mai banshar ya yi kafin ya sayar.

"Mai banshar yana fitar da taya kullum da sunan gyara, ba mai tambayarsa," in ji Dabo. "In sata yake so, me zai kai shi bayan sito? Abdou kuma yana kan sitiyarin bas, ku kanku shaidu ne. Gogo ta ga taya, amma ga ta nan kuna zaune a kai."

Abdou ya harari Gogo. Ita kuwa ta gyara mayafi ta ce ai dama ba ta ce sabuwa ba ce.

"Wanda ya yi wannan ba cuta ya nufa ba," Dabo ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ya dubi tayar Mamane ya ga haƙora sun ci. Ya dubi waccan ya ga haƙora cike. Ni ma da safe haka na duba, haka na gaskata."

Ya fito da guntuwar igiyar ya ajiye a kan tabarma. Bai ambaci sunan kowa ba. Abdou ne ya fara ɗaga kai sama, sauran suka bi shi da ido. Kowace kusurwa ta rumfar da suke zaune a ƙarƙashinta, wannan ƙullin ne ke riƙe da ita, kuma duk sun san wanda ya kafa ta, kamar yadda suka san shekarun da ya yi yana dillancin shanu a kasuwar Maraɗi.

Carbin Baba Jibirilla ya zame daga hannunsa.

"Ya isa, Dabo," ya ce. "Ni ne."

Ya dubi tayar da ke kwance a tsakiya.

"Uwar Mamane ta damƙa mini shi a tasha, ta ce Jibirilla, amana. Kullum in na wuce motarsa sai in ga tayar nan tana ƙarewa, raina ya tashi. Na ce da Munzali ya canja, ya ce mini da sauranta, wai lamba. Na ce a raina ɗan zamani ne, ƙyuya ce. Na san da wata a bayan karafan, sabuwa dal, tana zaman banza. Na bar sallar Juma'a saboda ita, ni da furfurata." Ya share fuska da hannun riga. "Washegari da asuba Mamane ya gan ta. Ya shafa ta, ya ce, Kawu, Allah ya bar mana kai. Da hannuna na ɗaga masa ƙofa ya fita."

Gogo ta fashe da kuka. Wasu suka sunkuyar da kai, musamman waɗanda bakinsu ya fi zafi da rana.

Munzali bai yi kuka ba. Ya juyo ya fuskanci tsohon.

"Baba, da safe kana tsaye aka karɓi iƙamata. Kana kallo."

"Ina kallo."

"Ka san ummi ba ta da kowa sai ni. Ka ci abinci a ɗakinta."

"Na sani, ɗana. Na buɗe baki ya fi a ƙirga. Sai in tuna in na faɗa, 'yar'uwata za ta ji cewa ni ne. Tsoro ya kama ni. Ba ni da wata hujja."

Ƙarar mota ta katse su. Farar motar mudir ce ta shigo, ta tsaya gaban ofis. Ya fito da waya a hannu, ya hango taron, ya ɗaga murya yana tambayar mai gadi ina mai banshar.

Wani daga baya ya yi raɗa cewa a ce kawai an tsinci tayar, ba a san wanda ya yi ba, a rufa wa tsoho asiri. Wasu suka gyaɗa kai. Dabo ya ji zuciyarsa na son hakan, don bai manta wanda ya ba shi katifa ranar da ya sauka a garin nan ba. Amma ya san mudir: in ba a ba shi suna ba, wanda ke hannunsa zai riƙe.

"Ba ni zan faɗa ba," ya ce. "Baba ne zai zaɓa."

Jibirilla ya miƙa hannu, Dabo ya ɗaga shi. Ya yi taku biyu zuwa ofis, sai ya tsaya ya juyo.

"Larabcina na tuƙi ne, dama da hagu da tsaya. In na shiga ni kaɗai, ba zai gane ba, zai ce rufa maka nike." Ya dubi Munzali, idonsa jawur. "Ba ni da bakin roƙonka. Amma ka zo ka zame mini baki."

Munzali ya dube shi. Mudir ya sake ƙwala kira, wayar tana kunnensa.

"Zan fassara," in ji Munzali. "Zan gaya masa ba sata ka yi ba, don ba ka yi ba. Zan gaya masa don Mamane ka yi. Amma in ya tambaya me ya sa ka yi shiru tun safe, Baba, wannan ma sai ka amsa, kuma yadda ka faɗa haka zan faɗa. Ba zan gyara maka ko kalma ɗaya ba."

"Kada ka gyara," tsohon ya ce.

Suka nufi ofis, Munzali a gaba. Da suka kai tsakiyar fili bayan tsohon ya riƙe da gaske, ya dafe ƙugu ya tsaya. Munzali bai waiwayo ba, bai kuma miƙa masa hannu ba. Ya dai tsaya a cikin ranar, yana jira har ya iso.